Yadda za ka zaga garin Jackson na ƙasar kaboyi ba tare da ɓauna ta yi ƙwallo da kai ba

Jama'a salamu alaikum. Tun da na dawo, duk majalisar da na zauna sai an ce in sake nuno hoton nan da nake tsaye a ƙarƙashin wata ƙofa da aka gina da ƙahonni zalla, wani abokina ɗan Kwari ma rantsewa ya yi wai haɗin kwamfuta ne. To ba haɗi ba ne wallahi, garin Jackson ne a jihar Wyoming, can yammacin Amurka, ƙasar kaboyi ɗin nan da muke gani a fim muna yara. Na gaji da bayani ɗaiɗai shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda Allah ya nufa da zuwa ya samu na kamawa.

Abin da yake damuna da mu Kanawa shi ne, mutum zai sha wahalar tafiya har Amurka, amma in ya dawo ka tambaye shi me ya gani, daga falon ɗan'uwansa sai kantin sayayya sai hoto a gaban dogon bene, shi ke nan. Alhali kwana uku kacal in ka ware za ka ga abin da har ka tsufa kana ba jikoki labari. Maganar biza ba zan shiga ba, kowa ya san yadda ta yi tsauri kuma dokarta juyawa take kamar farashin canji a Wapa. Da wanda ya riga ya shiga nake, ɗalibi ne ko wanda ya je ganin 'ya'ya ko taron aiki, ni ma wajen ƙanina na je da yake karatu a jihar Utah, shi ya ja ni.

Garin ƙarami ne sosai, mutanensa dubu 10 da 'yan kai, wato ko unguwa guda bai kai ba a lissafinmu. Ita kanta jihar Wyoming ɗin gaba ɗayanta ba ta kai mutum 600,000 ba a ƙidayar 2020, ita ce mafi ƙarancin jama'a a Amurka, kusan abin da ƙaramar hukumar Nassarawa kaɗai take da shi tun ƙidayar 2006, amma faɗin ƙasarta ya ninka jihar Kano sama da sau goma. Sai ka yi tafiyar rabin awa ba ka ga ko mai rake ba. Kuma kar sunan ya rikita ka, Jackson shi ne garin, Jackson Hole kuma kwarin ne gaba ɗaya da duwatsu suka kewaye, mafarautan da ne suke kiran irin wannan kwarin rami, sunan kuma na wani mafarauci ne David Jackson.

Zuwa hanya biyu ne. Ko dai ka hau jirgi ka sauka a filin jirgin Jackson Hole, wanda yake cikin gandun dajin Grand Teton kansa, kana saukowa daga matattakala duwatsun suna gabanka kamar ka miƙa hannu, ko kuma ka sauka a Salt Lake City ka ɗau hayar mota ka yi tuƙin kusan kilomita 450, awa 5 ke nan in ba ka tsaya shiririta ba. Ni ta biyun na fi ba da shawara, ta fi sauƙin kuɗi, kuma a Salt Lake akwai masallatai da shagunan naman halal, sai ka cika kula da abin da za ka ci kafin ka kama hanya. Af, in daga Kano ka taso, don Allah kar ka bari Hajiya ta cusa maka kilishi ko dambun nama a jaka. Ba a shiga da nama Amurka daga wajenmu. Ni nawa ina ji ina gani ya tafi kwandon shara, kilishin da na zaɓa da hannuna, har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tsaya min a wuya. Duk abincin da ka riƙo ka faɗa musu da bakinka, in sun karɓe sun karɓe, ɓoyewar ce take jawo tara.

Lokacin zuwa kuma, ga ɗan Kano dai daga Yuni zuwa Satumba. Yuli da Agusta mutane ne kamar ana rabon kuɗi, otal ya yi tsada, wajen fakin ya cika tun da hantsi. Yuni ya fi daɗi, ciyawa ta yi shar, dabbobi na yawo da 'ya'yansu. Satumba kuma ganye ya fara komawa ruwan ɗorawa, jama'a sun ragu, kuma lokacin ne mazajen barewar nan da ake kira elk suke wani irin kuka mai kama da busar sarewa suna neman mata. Lokacin sanyi kuwa, daga Disamba zuwa Maris, sai in kana da zuciya, don awon sanyin yana sauka ƙasa da sifili sosai, wanda muke kuka da shi a Janairu muna kewaye mai shayi wasan yara ne. Kuma babban ɓangaren titin cikin gandun rufe shi ake yi daga 1 ga Nuwamba har ƙarshen Afrilu. Amma fa a lokacin ne dubban elk suke saukowa daga duwatsu su taru a filin da aka keɓe musu tun 1912 a bakin garin, ana saka mutane a keken doki mai sulɓi a kan ƙanƙara a ratsa da su tsakiyar garken.

Ko da rani ka je kar rana ta yaudare ka. Da azahar za ka ji daidai, kamar awo 26 ko 27, amma da asuba yana iya sauka zuwa 4 ko 5, haƙoranka har kaɗawa suke. Don haka kaya hawa-hawa ake sawa, singileti, riga mai dogon hannu, suwaita, sannan jaket, rana na ɗagawa kana ragewa kana turawa a jaka. Ka leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai kafin ka taso, jaket ɗin da za ka saya can da dala ɗari a nan za ka same shi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Takalmi kambas mai kauri, ba silifas ba, ba kuma sau-ciki mai santsin nan na zuwa ɗaurin aure ba. Shaddarka ka ajiye ta sai yamma in za a shiga gari, ni na saka tawa da hula zanna kuma sai da Turawa uku suka tsayar da ni suna tambayar ɗinkin.

Masauki shi ne inda aljihu yake kuka, gaskiya garin na masu kuɗi ne, yankin yana cikin waɗanda suka fi arziki a duk Amurka. Kai, a kwarin nan ne ma manyan babban bankin Amurka da na wasu ƙasashe suke taronsu duk watan Agusta, tun 1982, wato maganar da za ta motsa dala har ta taɓa ɗan kasuwar Singa a gindin duwatsun nan ake yin ta. Dabarar ita ce ka kama ɗaki tun watanni kafin tafiya, ko ka kwana a ƙananan garuruwan Victor ko Driggs da suke jihar Idaho a bayan dutse, sai dai kullum za ka hau ka sauka ta mashigar Teton Pass, hawa ne mai tsayi da kwana-kwana, in za ka gangaro ka sa mota a ƙaramin giya kar ka ƙone burki. In kuna da yawa ku nemi ɗaki mai kicin, ku dafa taliyarku da kanku.

Mota dole ce, babu adaidaita babu acaɓa. Hannun tuƙinsu irin namu ne, dama, sai dai halin tuƙin ne ba irin namu ba. Allon gudu da mil yake, mil ɗaya kilomita 1.6, in ka ga alamar tsayawa ja ka tsaya cak ko da babu kowa sai kai da Allah, mai tafiya a ƙasa in ya sako ƙafa a kan zanen tsallakawa shi ne sarki, hon kuma ka manta da shi kwata-kwata. Mai da kanka za ka zuba. In ɗan sanda ya kunna maka fitila ka gangara gefe ka zauna a cikin motar hannunka a kan sitiyari, kar ka fito kana ranka ya daɗe kana laluben aljihu, nan ba a haka. Da daddare kuma babban titin da ya ratsa gandun mil 45 ne iyakar gudu, saboda dabbobi na tsallakawa. Akwai wata beyar da ta yi suna a duniya, lambarta 399, masu hoto har layi suke mata, ta rayu shekara 28 a duniya, ta haifi 'ya'ya da yawa a dajin nan, ƙarshenta mota ce ta kaɗe ta da daddare a kudu da garin a Oktoban 2024.

Kuɗin shiga gandun dala 35 ne kowace mota na kwana 7, amma daga farkon 2026 an ƙara wa wanda ba mazaunin Amurka ba dala 100 a kan kowane mutum mai shekara 16 zuwa sama, don haka ka duba shafin hukumar gandun kafin ka tashi ka yi lissafinka, in kuna da yawa a mota ɗaya katin shekara yana iya fin sauƙi.

To yanzu ga ainihin sirrin, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Mu Allah ya riga ya tsara mana ranarmu, kawai ka ɗora ziyarar a kan lokutan sallah. Asuba ta dabbobi ce, hantsi zuwa azahar na hawa dutse, la'asar zuwa magariba na cikin gari. Su baƙin da suke zuwa sai sun sa ƙararrawa uku suna mita kafin su tashi ƙarfe 5, kai kuwa da ma a tashe kake. A watan Yuni alfijir wajen ƙarfe 4 yake ketowa, rana ta fito kafin 6, magariba sai wajen 9 na dare, isha kusan 11, don haka baccin rana bayan azahar ba lalaci ba ne, wajibi ne. Kana sallame asuba ka zuba shayi a filas ka kama hanyar arewa.

Wuri na farko da za ka nufa shi ne Antelope Flats da Mormon Row, kamar minti 25 daga gari, tun kafin ka kai ƙofar karɓar kuɗi. Tsofaffin rumbunan katako ne na wasu manoma mabiya wata ɗarikar Kirista da ake kira Mormon da suka zauna a wajen tun shekarun 1890, rumbun iyalan Moulton shi ne wanda kowa yake ɗauka a hoto. Ka tsaya ka juya bayanka ga gabas. Duwatsun suna yamma, don haka hasken farko a kan kawunansu yake sauka, su yi ja kamar garwashi sannan hasken ya dinga gangarowa a hankali, kuma abin da ya sa suke da kwarjini shi ne babu wasu ƙananan tuddai a gabansu, daga shimfiɗaɗɗen fili kawai suka miƙe sama kusan mita 2,000. Mafi tsayinsu mita 4,199 ne daga matakin teku. Ni dai tasbihi kawai na kama yi, ƙanina yana ta min magana ban ma ji shi ba. Daga nan ka wuce Schwabacher Landing inda ruwa yake kwance kamar madubi dutsen yana ciki a kife, washegari kuma ka je Oxbow Bend, wata kwana ce ta kogin Snake, can ake ganin gaggafa mai farin kai da manyan tsuntsayen ruwa.

Bari in gaya maka waɗanda za ka haɗu da su don kar ka dinga ce wa kowa barewa. Akwai ɓaunarsu, ba irin ta Yankari ba, wannan gabanta tulu guda ne da gashi da tozo, bayanta kuma siriri, namijin yana kai kilo 900. Akwai elk, jikinta ya fi na jaki girma nesa ba kusa ba, namijin ƙahonsa rassa-rassa kamar busasshiyar bishiya. Akwai wani da suke kira muus, dogo baƙi mai dogon hanci kamar raƙumi, da wani leɓe yana reto a maƙogwaro, shi a fadama da cikin ruwa yake kiwo, ka neme shi a titin Moose-Wilson ko bakin kogin Gros Ventre. Akwai wata ƙaramar barewa mai farin gindi da babu abin da ya kai ta gudu a duk nahiyar. Sai dila irin nasu, sai kyarkeci wanda ganinsa sai mai rabo, sai kuma oga kwata-kwata, beyar, baƙa da kuma babbar da ake kira girizli mai tozo a kafaɗa. In kana tafe ka ga motoci sun yi cirko-cirko a gefen titi mutane sun kafa kyamarori, to akwai abu, ka gangara gefe sosai ka fita daga kan kwalta sannan ka tambaya a hankali me aka gani, suna da kirki wajen nan, wani ma zai ce ka leƙa ta madubin hangen nesansa.

Nan ne kuma nake so ka buɗe kunne. Wannan ba Gidan Zu ba ne, babu keji babu waya, kai ne baƙo. Doka ta ce tsakaninka da beyar ko kyarkeci mita 91, wato kusan tsawon filin ƙwallo na Sani Abacha daga raga zuwa raga, sauran dabbobi kuma mita 23, kamar dogayen bas biyu a jere. Wata dabara da wani ma'aikacin gandun ya nuna min, ka miƙe hannunka ka ɗaga babban yatsa ka rufe ido ɗaya, in yatsan bai rufe dabbar gaba ɗaya ba to ka matso da yawa, koma baya. Matsalarmu ita ce mun saba da shanu. Ka ga ɓauna tana kiwo kanta a ƙasa sai zuciyarka ta ce ai wannan sa ne kawai, ni da nake ratsa Kara ranar kasuwa. Haka na ce. Na fito daga mota ina taku ɗaiɗai da waya a hannu, kawai sai na ga ta ɗago kai ta ɗaga jela sama ta fara tonon ƙasa da ƙafa, ƙanina ya ce Yaya don girman Allah dawo, da baya da baya na koma, gwiwata na rawa. Ashe ɗaga jelar nan gargaɗi ne. Dabbar nan tana gudun kilomita 55 a awa, ta ninka mutum sau uku, kuma a gandun dajin Yellowstone da yake maƙwabtaka da nan ta fi kowace dabba raunata mutane, har beyar ɗin da ake tsoro. Hajiya ke ma da ke nake, ɗan maraƙin nan ja mai kyau ba na shafawa ba ne, uwarsa tana kallonki. Kuma ba a ba kowace dabba abinci, ko ɗan kuregen da zai zo yana miƙa hannu, laifi ne mai tara.

Ita beyar akwai makaminta, wani gwangwani ne na feshi, mu dai barkonon tsohuwa muka sa masa suna. Ana sayarwa ana kuma ba da haya a garin. Ba a jaka ake saka shi ba, a ƙugu ake ratayawa inda hannu zai kai a daƙiƙa ɗaya, kuma don Allah ba shafawa ake a jiki kamar maganin sauro ba, sai in ta taso maka ne za ka cire makullin ka fesa ta gabanta ƙasa-ƙasa. In kun yi kiciɓis kar ka gudu, gudu shi yake sa ta bi ka kuma ba za ka tsere ba, ka ja da baya a hankali kana magana. Amma mafi alheri kar ku haɗu ɗin, shi ya sa ake so a tafi mutum uku ko fiye ana surutu don ta ji ku tun daga nesa ta kauce. Nan kam Bakano ba ya buƙatar horo, ku ɗauko musun siyasa ko na Pillars kawai, duk beyar da take dajin za ta ba ku hanya. Abinci da duk wani abu mai ƙamshi, har turarenka, a cikin mota a rufe ko a akwatin ƙarfen da suka tanada.

Rana ta ɗan ɗaga, dabbobi sun shige inuwa, sai a kama turba. Ranar farko kar ka yi jarumta. Garin kansa yana kan tsayin mita 1,900, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, iskar can ba ta ƙosar da huhu, za ka ga kai da kake haye Dala ba ka tsaya ba ga ka kana haki a ɗan tudun da bai kai ya kawo ba, wani har ciwon kai. Maganinsa ruwa da tafiya a hankali. Fara da turbar tafkin Taggart, zuwa da dawowa kamar kilomita 5, hawan ba yawa, yara ma suna yi, ƙarshenta tafki ne garau kana hango duwatsun ƙasansa. Rana ta biyu sai tafkin Jenny, amma ka isa kafin ƙarfe 8 in kana son wajen fakin. Akwai kwalekwale mai inji da yake tsallakar da mutane, ka biya ka hau, daga inda ya sauke ka ƙasa da kilomita ɗaya za ka isa Hidden Falls, ruwa ne yake zubowa daga tsayin kusan mita 30, sanyinsa yana dukan fuskarka tun kafin ka gan shi. In da sauran ƙarfi ka ƙara gaba zuwa Inspiration Point, hanyar a jikin dutse aka sare ta, wani wajen siririya ce, mai jiri ya bi ta jikin bango kar ya kalli ƙasa. Wanda ya ji shi ɗan ƙwallo ne yana iya zagaye tafkin duka da ƙafa, kilomita 11 da wani abu. Ni kwalekwalen na sake hawa, ba na ƙarya.

A jakar bayanka ka sa ruwa aƙalla lita 2, dabino, gyaɗa, rigar ruwa don hadari yana haɗuwa da rana tsaka a Yuli da Agusta da tsawa, in ka ji rugugi ka sauko daga tudu. Ruwan rafin nan da kake gani fari tas kar ka sha, akwai ƙwayar cuta mai sa gudawa. Netwok yana ɗaukewa, ka sauke taswirar wajen a waya tun a masauki, lambar neman agaji 911. Sannan abin da babu mai gaya maka, banɗakunan bakin turba rami ne da takarda, babu famfo babu buta, don haka gorar ruwa guda daban ta wannan aikin. Kar ka sauka daga turba ka yanke hanya, kar ka tsinki fure, kar ka ɗau dutse ko ƙaho ka ce tsaraba, shara kuma ko ƙwallon dabino ne ka dawo da shi a aljihu. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi haramun ne a gandun.

Sallah ba ta da wahala, ka riƙe 'yar sallaya mai naɗewa, ka samu gefe a bakin tafki ka yi abinka, ba wanda ya taɓa ce mana kanzil. Kar dai ka sa ran jin kiran sallah, manhajar waya ce ladaninka. Kuma ka kula, alƙibla a can ba gabas ba ce yadda jikinka ya saba, arewa maso gabas ce, ta ma fi karkata arewa, ni ranar farko sai da na sake. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun kafin ka taso. Tsakaninku da gida awa 7 ne da rani, in kana son kiran Umma to da safenka ne, lokacin ita ta yi la'asar.

Bayan ka yi baccinka ka yi la'asar, sai a saka shadda a shiga gari. Ka ajiye mota ka taka, tsakiyar garin duka bai fi ka zagaye shi a awa ɗaya ba. Dandalin shi ne cibiya, kusurwa huɗu ƙofa huɗu, kamar dai yadda muke da Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa, sai dai su nasu da ƙahon elk aka saƙa su, kowace ƙofa ƙaho wajen 2,000, ta farko tun 1953. Kuma ba kashe dabbar aka yi ba, abin mamakin ke nan, namijin elk duk shekara ƙahonsa faɗuwa yake da kansa a ƙarshen sanyi wani ya tsiro. Yara 'yan sikawut ne suke taya tsinto su a filin da aka keɓe, a yi gwanjonsu a dandalin nan duk watan Mayu, mafi yawan kuɗin ya koma kula da dabbobin. Gaban shagunan dakalin katako ne irin na fim, kana tafiya yana ƙwas ƙwas, ga keken doki na da yana zagayawa da mutane. Da rani wajen ƙarfe 6 na yamma, ban da Lahadi, ana tare titi a yi wasan harbe-harben kaboyi, kyauta ne, harsashin na ƙarya ne amma ƙarar ta gaske ce, na faɗa maka tun yanzu don kar ka ji tau ka zubar da hula ka ranta a na kare.

Wani abu da ya burge ni a tarihinsu, a 1920 garin nan ya zaɓi mata zalla su riƙe majalisarsa, shugabarsu Grace Miller, kuma da ma Wyoming ce a sahun gaba a Amurka wajen ba mata damar zaɓe, tun 1869. Shi kuma gandun an kafa shi a 1929, aka faɗaɗa shi a 1950 bayan attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ya bi gonakin kwarin yana saye a ɓoye ta hannun wani kamfani, ya damƙa wa gwamnati, makiyayan wajen sun yi ta rigima a kai shekara da shekaru, rigimar fili dai ko'ina iri ɗaya ce. Kafin su duka kuma ƙabilun asali irin su Shoshone ne suke farauta a kwarin. In kana son ganin kayan da, akwai gidan tarihi a cikin gari, akwai kuma gidan zane-zanen namun daji a kan tudu arewa da gari kaɗan, an gina shi da dutse har ya saje da tudun. Wata mashaya mai babbar fitilar kaboyi a kan doki tana kallon dandalin, kowa yana ɗaukar hotonta, daga waje ya ishe ka.

In daren Laraba ko Asabar ya same ka a garin da rani, ka je rodiyo. Mu da muka tashi da hawan Daushe da hawan Nassarawa mun san doki, amma namu ado ne da kwarjini, nasu kuwa kokawa ce, mutum ya hau doki mai tutsu ko bijimi hannu ɗaya a sama, ana so ya yi daƙiƙa 8 bai faɗo ba. Sai ya tuna min da hawan ƙaho na mahauta. Matansu kuma tseren zagaye ganga suke da doki, gudun da sai ka riƙe numfashi. Ka tafi da jaket, rana na faɗuwa sanyi yake saukowa.

Abinci ka yi hattara da na safe, naman alade yana shiga kusan komai, har wake da miya, ka tambaya kafin ka ce a kawo. Kifin ruwan sanyin da ake samu a can yana da daɗi kuma ya raba ka da shakka. Za ka ga naman ɓauna da na elk a takardar abinci, maganar yanka kowa ya bi abin da malaminsa ya gaya masa. Farashin da ka gani ba shi za ka biya ba, akwai haraji a kai, sannan mai kawo abincin ana ba shi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ba alfarma ba ce a wajensu, kusan albashinsa ke nan.

Za a ce maka ai Yellowstone tana kusa, ƙofarta ta kudu ba ta kai kilomita 100 ba. Gaskiya ne, amma kar ka cusa ta cikin kwana ukun nan, wajen girma ne da shi kuma kuɗin shigarsa daban, in za ka je ka ƙara mata kwana biyu nata.

Tsaraba kuma, shagunan bakin dandali tsada ne da su, hular kaboyi ta gaske kuɗinta zai ɗinka maka shadda uku. Ni dai na sayo wa yara 'yan maganaɗisun firij da kwalabar jam na wani ɗan itacen daji da suke ji da shi mai kama da kanya ƙanana, na naɗe su a cikin suwaita a babbar jaka. Gwangwanin barkonon tsohuwar nan kuma ba ya hawa jirgi, ko a jakar hannu ko a ta kaya, in haya ka ɗauka ka mayar, in saya ka yi ka miƙa wa wani da ka gani yana shirin shiga daji a wajen fakin. Ni wani dattijo da matarsa na ba nawa, ya tambaye ni daga ina, na ce Kano, ya ce a ina take, sai da na buɗe masa taswira a waya muna tsaye a jikin motarsa.